Hatimin da Ya Rushe Gidan Rabenek

A zamanin da ƙasar Jamus take a rarrabe, kowane tsauni da gidan sarautarsa, kowane kogi da mai iko da gadarsa, an yi wani gida da ake kira Rabenek. Al'adar manyan gidaje ce a lokacin su rarraba 'ya'yansu yadda ake rarraba dakaru a fagen fama. Babba ya gaji sarauta, mace ta tafi gidan maƙwabci ta ɗaure zumunci, ƙarami a miƙa shi ga coci ya tsare wa gida wannan ƙofar. Haka aka yi da 'ya'yan Rabenek uku. Ekbert ya zama Sarki. Kuniza ta auri Udalrik, Sarkin Dornau da ke ƙetaren Kogin Selda. Autansu Ansfrid kuwa aka aske masa kai yana ɗan shekara tara aka kai shi gidan masu ibada, ba wanda ya tambaye shi ko yana so.

Ranar da limaman cocin birnin Hagenfurt suka taru zaɓen sabon Bishop, Ekbert ya zo da mahaya ɗari uku ya tsaya a bakin ƙofa. Bai ce wa kowa uffan ba, bai kuma gusa ba sai da aka fito aka kira sunan ƙaninsa.

Shekara ashirin da biyu bayan haka, Udalrik ya faɗo daga kan doki wajen farauta ya mutu. Ya bar ɗa guda, Folkmar, mai shekara ashirin da biyar. Ba a yi wata biyu da binne shi ba Sarki Ekbert ya sa a kira majalisa, ya kuma aika wa Bishop cewa ya taho da littafin asalin gidajen nan biyu.

Da hantsi aka zauna a babban zauren Rabenek. Waziri Witigo, tsohon da ya bauta wa uban Sarki, yana dama. Sarkin Yaƙi yana hagu, hakiman ƙasa sun jeru har bakin ƙofa. Yarima Adalbero, ɗan Sarki tilo, yana tsaye a bayan ubansa. An ajiye wa Bishop kujera mai tsawo, amma ba ta kai ta Sarki ba.

Sarki ya ce, "Ku ji, manyan ƙasa. Kakarmu ta wajen uba 'yar gidan Dornau ce, ƙanwar kakan Udalrik. Dokar coci ta hana aure tsakanin waɗanda jininsu ya yi kusa haka. Ke nan zaman da Kuniza ta yi da Udalrik ba aure ba ne, ɗan da aka haifa a cikinsa ba ya gado. In aka cire shi, babu wanda ya fi ni kusa da gadon sarautar Dornau. Bishop, buɗe littafi ka faɗa musu in ƙarya na yi."

Ansfrid bai buɗe ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan bangon littafin ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Abin da ke ciki kowa a zauren nan ya san shi tun ranar ɗaurin auren. Mahaifinmu ya sani, kai ka riƙe linzamin dokinta har Dornau. Babu babban gida a ƙasar nan da bai taka wannan doka ba, kuma ba a tono ta sai ana neman fitina. Ni na yi wa yaron nan baftisma da hannuna."

"Ban tambaye ka abin da hannunka ya yi ba. Akwai dokar ko babu?"

"Akwai."

"To, ka hukunta."

Waziri Witigo ya gyara zama, ya zare hularsa. "Ranka ya daɗe, in an ba tsoho dama. Dornau ba abokiyar gaba ba ce, garkuwarmu ce ta gabas. Shekara ashirin da shida ba mu ajiye ko mutum ɗaya a bakin kogin nan ba, saboda 'yar gidan nan tana can. Abu na biyu ya fi damuna. Hukunci irin wannan ba ya tsayawa sai an kai shi gaban Sarkin Sarakuna ya amince. Na yi aiki a fadarsa ina saurayi. Ba a taɓa gayyatarsa cikin rigimar dangi ya fita hannu wofi ba."

Sarkin Yaƙi ya yi dariya. "Waziri ya tsufa, inuwarsa ma tsoro take ba shi. Allah ya ba ka nasara, Dornau ba ta da mahaya ɗari huɗu. Mu muna da dubu. Kwana uku ka ba ni."

Hakimai suka yi ta gyaɗa kai, domin kowa ya riga ya hango gonar da za ta faɗo masa. Sai Yarima Adalbero ya zagayo ya durƙusa a gaban ubansa.

"Baba, a gidan nan Folkmar ya tashi. Shekara bakwai muna kwana ɗaki ɗaya, malami ɗaya ya koya mana riƙon takobi. Taubashina ne. Me za mu ce wa Gwaggo?"

Sarki ya dube shi. "Don wa nake yin wannan? Ni na kusa kabari. Tashi ka koma inda kake."

Sa'an nan ya juya ga ƙaninsa, ya sassauta murya, amma kowa na ji. "Ansfrid, ka tuna wanda ya tsaya a ƙofar cocin Hagenfurt. Limamai goma sha biyu da suka zaɓe ka, bakwai suna raye, kuma a shirye suke su rantse wa Fafaroma cewa tsoron mashi ya sa su. Dakaruna ke gadin ƙauyukan cocinka, gobe zan iya janye su. Gidan nan ya ba ka zobe da sanda don rana irin ta yau."

"Yaya, 'yar'uwarmu ce."

"A nan Sarki nake. Ka ajiye Yaya sai mun shiga gida."

Bishop ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago ya ce a ba shi wata guda ya yi bincike, kowa kuwa ya gane cewa magana ta ƙare.

Ranar da za a karanta hukunci, Kuniza ta zo Hagenfurt da kanta, cikin baƙaƙen kayan takaba, da rakiyar mahaya shida kawai. Ba ta nemi iso ba. Ta tarar da ƙaninta a ɗakin rubutu, takarda a shimfiɗe, kakin buga hatimi yana narkewa a kan wuta. Ya miƙe tsaye. Ba ta sumbaci zobensa ba kamar yadda ake yi.

"An ce mini kai za ka faɗa wa duniya cewa shekara ashirin da shida zaman banza na yi, ɗana kuma shege ne."

"Yaya Kuniza, zauna tukuna."

"Ba zama na zo yi ba. Ranar da za a kai ka gidan masu ibada, wa ya bi keken dokin yana kuka har bakin daji? Ekbert ne? Yana can yana gwada sabon sirdinsa. Ni ce nake aika maka da zuma da rigar sanyi duk shekara, ina ɓoyewa kada Baba ya gani."

"Ban manta ba."

"To, me ya rage?"

Ansfrid ya ce, "In na ƙi, zai tsige ni ya kawo wani, wannan ɗin ya buga hatimin, ya kuma ƙara da abin da ya fi haka muni. In ni na yi, zan iya roƙa wa Folkmar wani gari ya zauna da mutuncinsa, ke kuma..."

"Ni kuma a ba ni ɗaki a bayan gidan Ekbert in riƙa saƙa. Ansfrid, in wani ya buga, zalunci ne aka yi mana, za mu ɗauka. In kai ka buga, mutane za su ce gaskiya ce, tunda ƙaninta ma ya faɗa. Abin da ya sa yake son hannunka ke nan. Kujerarka kake tsoro, kada ka ce don mu ne."

Ansfrid ya juya ga takardar. Kakin ya fara ƙauri. Daga ƙarshe ya ɗauki cokali ya zuba a gindin takardar, ya danna hatimi. Kuniza ta tsaya sai da ta ga ya ɗaga hatimin, sa'an nan ta juya ta fita.

Aka yi takardar kwafi uku. Ɗaya ta tafi Rabenek, ɗaya fadar Sarkin Sarakuna, ɗaya Dornau, tare da umarnin cewa in Folkmar bai sauka cikin kwana talatin ba, a rufe cocin ƙasar, limamai su dawo Hagenfurt, kada a ɗaura aure, kada a yi wa mamaci addu'a. Manzon da ya kai ta Dornau ya dawo da amsa ta baka.

"Ranka ya daɗe, ya ce a gaida Kawunsa Sarki da Kawunsa Bishop. Ya ce shi ɗan Udalrik ne, a gadon Udalrik aka haife shi, duk mai son gadon ya zo ya ɗaga shi a kai."

Da bazara ta shiga aka tara runduna. Ranar da za a tashi, Bishop yana tsakiyar sa wa tutoci albarka, sai shamuwoyin da ke sheƙa a kan hasumiyar Rabenek tun zamanin kakanni suka tashi gaba ɗaya suka yi yamma, suka bar 'ya'yansu suna kuka a sheƙa. Dakaru suka riƙa ɗaga kai suna raɗa. Waziri Witigo ya matso kusa da dokin Sarki ya ce, "Allah ya taimake ka, tsuntsun nan ba ya barin 'ya'yansa. A jinkirta ko da mako guda." Sarki ya ce a buga tambura. Ya kuma ce Bishop ya hau ya bi su, domin mutanen Dornau su ga coci yana tare da wa.

A rana ta biyu da azahar suka iso Kogin Selda. Ƙanƙarar duwatsu ta narke, kogi ya cika ya batse, babu mashiga sai gadar katako guda ɗaya. A ƙetare, mutanen Dornau sun ja daga a kan tudu, ba su ko tsare bakin gadar ba. Sarkin Yaƙi ya ce tsoro ne ya kama su, ya nemi a ba shi izni shi ya fara haurawa.

Sarki ya ce, "A'a. Adalbero zai ja gaba. Tunda yana kewar taubashinsa, shi zai fara gaishe shi."

Abin da ba su sani ba, kwana huɗu mutanen Folkmar suka yi suna yanka ginshiƙan gadar da zarto daga ƙasa, suka bar su a tsaye da kaɗan, suka ɗaura igiyoyi da shanun da za su ja in an ba da alama. Sarkin Yaƙi suke jira. Da Folkmar ya hango jar garkuwar Yarima a gaba, sai ya zaburi dokinsa shi kaɗai ya gangaro, ya tuɓe kwalkwalinsa don a gane shi, yana ɗaga hannu.

"Adalbero, koma! Don Allah ka koma! Gadar ba ta da ƙafa!"

Adalbero ya ja linzami a tsakiyar gada. Ya waiwaya. Mahaya sittin suna bayansa sun cika hanya, ubansa kuma yana kan tudu yana kallonsa. Ya sake duban gaba, ya miƙa mashinsa gaba, ya sa wa doki ƙaimi. Folkmar bai ba da alama ba, shanun ba su motsa ba. Nauyin dawaki da sulke kaɗai ya isa. Gadar ta yi ƙara ta karye a tsakiya, ruwa ya haɗiye su.

Mai sulke ba ya iyo. Cikin mutum sittin, tara suka fita.

Sarki Ekbert ya yi wata irin kururuwa ya kora runduna cikin kogin ta inda yake zaton babu zurfi. Dawaki suka riƙa nitsewa har wuya, maharban Dornau suna zuba musu kibau daga tudu. Waɗanda suka haure aka tare su a cikin laka, aka yi ta sara har la'asar. Sarkin Yaƙi ya mutu a nan. Dornau ta rasa mutum ɗari da tamanin, Rabenek ta rasa fiye da ninkin haka. Kibiya ta sami Sarki a ƙasan haƙarƙari, aka janyo shi baya a kan garkuwa.

Washegari da safe wani kwalekwale ya hauro da farar tuta. Gawar Yarima ce a ciki, an wanke ta, an lulluɓe ta da alkyabbar Folkmar. Masu tuƙin suka ce shi da kansa ya yi ta nutso har ya samo ta.

Kwana uku Sarki ya yi yana jinya a cikin tanti. A na ukun ya sa aka kira ƙaninsa da Waziri.

"Witigo, wa ya rage a jinin Rabenek?"

"Ranka ya daɗe, Bishop ba ya gado, ba ya haihuwa. Sai ɗan Kuniza."

Sarki ya kamo hannun rigar Ansfrid. "Ka warware. Ka rubuta cewa kuskure ne. Ka mayar da shi ɗan halal, ya riƙe ƙasashen biyu. Kada gidan ubanmu ya tafi hannun bare."

"Takardar tana fadar Sarkin Sarakuna, Yaya."

"Ka warware, na ce!"

Ko a nan ma umarni ya bayar, bai ce a gafarta masa ba. Kafin rana ta faɗi ya cika. Ansfrid ya zauna ya rubuta takarda ta biyu, ya ce hukuncin farko tilas aka yi masa, auren Kuniza aure ne. Ya buga hatimi, mahayi ya tafi da ita a sukwane.

Kwana bakwai bayan haka manzon Sarkin Sarakuna ya iso bakin kogin da tuta mai hoton gaggafa. Ya sa aka kira manyan ɓangarorin biyu. Folkmar da uwarsa suka hauro a kwalekwale suka tsaya gefe guda. Manzon ya fito da takardu biyu, ya ɗaga su.

"Bishop na Hagenfurt, wannan hatiminka ne?"

"Nawa ne."

"Wannan fa?"

"Shi ma nawa ne."

"Ubangijina Sarkin Sarakuna, mai kare coci da raunana, ya ce ba a taɓa kawo masa gaskiya biyu daga baki ɗaya ba. Ta farko ta zo da shaidu da littafin asali, ya amince da ita tun kafin a zubar da jini. Saboda haka ɗan Kuniza ba ya gado, Dornau ba ta da magaji. Yanzu Sarki Ekbert da ɗansa sun rasu, Rabenek ma ba ta da magaji. Ƙasar da babu magaji ta koma hannun Sarkin Sarakuna. Ya ba da su biyun ga surukinsa, wanda ke tafe da mutum dubu huɗu. Kwana biyar ya rage ya iso."

Ansfrid ya zare zoben daga yatsansa, ya haɗa da sandar ya miƙa. "Ga su. Zan tsaya a gaban kowace majalisa in rantse cewa ƙarya na yi a ta farko. A tsige ni, a kulle ni, amma a bar wa yaron nan gadon ubansa."

Manzon ya karɓa, ya miƙa wa na bayansa. "Ubangijina ya ce in ka ba da su a karɓa, domin wanda ya shaidi kansa da ƙarya ba ya riƙe coci. Ya riga ya zaɓi wanda zai gaje ka. Maganar ƙasa kuwa tana nan yadda na karanta."

Ya hau dokinsa ya tafi.

Waziri Witigo ne ya fara motsawa. Ya tako da sandarsa har gaban Folkmar, ya durƙusa da ƙyar, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Mun zo ƙwace maka gida, ga shi namu ma ya tafi. Mahaya ɗari biyar suka rage mana. In za ka karɓe mu, ganuwar Dornau ta fi tamu ƙarfi." Hakiman Rabenek suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Yinin ranar aka yi ana haurar da su, mutanen da suka kashe wa juna 'yan'uwa suna zaune a kwalekwale ɗaya ba mai duban wani.

Ansfrid ne na ƙarshe. Ya iso ƙofar Dornau da ƙafa, masu gadi suka gicciya masa masu. Folkmar ya fito ya tsaya.

"Kawu, ban san a matsayin me zan shigar da kai ba. Ni dai a takardarka ba ni da uba, ban sani ba ko ina da kawu."

Sai muryar Kuniza ta fito daga cikin soron ƙofar. Ba da Ansfrid take magana ba, da ɗanta take.

"Bar shi ya shiga. Mutum ɗari da tamanin muka binne ba addu'a, domin ya kwashe mana limamai. Har yanzu shi limami ne. A kai shi maƙabarta, a faɗa masa sunan kowa, ya bi su kabari kabari. In ya gama, a buɗe masa ƙofa ya tafi."

Masu gadi suka janye masunsu. Ya shiga, aka ja ƙyauren aka saka sakata.